Inuwa a Bangon Masaƙa

A bangon tsohuwar masaƙa, na'ura mai koyo da kanta tana hasko ma'aikatan da, daga dubban tsofaffin hotunan da aka ɗura mata. Fuska ta ƙifta ido, ta narke, ta zama wata.

Mai gadi yana kallon wata tsohuwa siririya da ke tsaye a wurin. Mayafinta ya koɗe amma ya sha guga, ta zizara kwalli kamar mai tarbar baƙo. A ransa yana cewa, ko miji ne ko ɗa.

Sai ga wani saurayi mai wushirya a bangon. Ta saki sandarta ta matsa, hannu a miƙe. Fitilar tana bayanta, inuwarta ta rufe shi ruf. Kafin ta kauce, ya zama wani.

"Iya, ɗan ja baya," in ji mai gadi. "Daga nesa ake ganinsu."

"Ɗan nan, daga nesa ai na daɗe ina ganinsa. Yaushe zai sake zagayowa?"

Na'urar ba ta maimaita fuska, mai gadi ya sani. Ya jawo mata kujerarsa.