Ranar da Mista Rennie Ya Nufi Kogi

Zuweira 'yar Zongon Kumasi ce. Tun zuwanta Bronx aikinta ɗaya, kula da tsofaffi a gidajensu. Na hannunta yanzu shi ne Mista Rennie na unguwar University Heights, tsohon malamin tarihi, haifaffen Scotland, wanda ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa. Sunan 'yarsa ya ɓace masa, amma yaƙin Pinkie yana nan daram. Tana ba shi abinci, yana ba ta labarin yadda Turawan Ingilishi suka fatattaki kakanninsa a wannan yaƙin: suna gudu suna zubar da takubba da riguna, mahaya na sara ta baya, da yawa suka faɗa kogi suka nutse. Har ta haddace ba da niyya ba.

Wata Talata da hantsi ta fito daga wanke banɗaki ta tarar da ƙofa a buɗe, tsohon ba ya nan. A matakala ta tsinci sandarsa, a bakin titi rigar sanyinsa. Da ta ga takalmi ɗaya a kan hanyar da ke gangarawa Kogin Harlem, ta gane inda ya dosa.

Ɗanjuma, mai teburin huluna a kwanar titin, ya ce yanzun nan tsohon ya wuce. Kafin ta yi magana ya zabura ya bi shi, yana gudu yana kira. Tsohon ya waiwaya ya ga ƙato a bayansa, ya ƙara sauri, ya sauka kan kwalta, motoci na ta kauce masa.

"Don Allah tsaya, ɗan'uwa," in ji Zuweira. "A idonsa kai ne Ingilishin."

Ɗanjuma ya ja birki, ya dubi jikinsa, ya ce shi dai a iya saninsa daga Maraɗi yake.

Ita ta bi ta ɗaya gefen har ta cim ma tsohon. Ta tuɓe silifas ɗinta ta yar a gabansa kamar mai gudun yaƙi, ta jera da shi tana haki, ba ta taɓa shi ba. Ga gadar kogin nan kusa.

"Baba, sun juya," ta ce masa da Turanci. "Dawakansu sun gaji."

Ya tambaya ko ta tabbata. Ta ce ita ce ta ƙarshe, babu kowa a baya. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya kama hannunta, ya ce to su nemi wurin zama.

Ɗanjuma ya biyo su nesa-nesa da takalma uku a hannu, bai yarda ya matso ba.