Tsagar Tajaye

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kawu Arzika a tashar Konni ya san ba a tashi sai an yi gwajin sanda. Fasinja sun cika baya, an ɗaure buhuna, rana ta fara cizo, shi kuwa sai ya zaro wata siririyar sandar geza daga bayan kujera, ya goge ta da gefen riga, ya zura ta cikin tanki a hankali. In ya fiddo sai ya ɗaga ta sama, ya kanne ido ɗaya, ya shinshina, kana ya ce, "Mu tahi." Shi ya sa aka sa masa Mai Sanda. Ni ɗan ƙanwarsa ne, hatsi nake sayarwa a kasuwa, kuma yawancin hatsin a bayan motarsa yake zuwa, don haka ba wanda ya kai ni shan wahalar sandar nan.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce, irin wadda muke kira bashe. Allurar man ta lafiyarta ƙalau, amma ya liƙe ta da facin taya don kada ma ya gan ta. Na taɓa yi masa magana.

"Kawu, allurar ga fa tana aiki."

"Aikin ƙarya ba. In munka hau tudu ta ce babu, in munka gangara ta ce akwai. Mai baki biyu ba ni tahiya da shi."

Sandar ba ta san lita ba. Tsaga ya yi mata da wuƙa, kowace da sunan gari: Malbaza da dawowa, Badagishiri da dawowa, Illela da dawowa. In ka tambaye shi lita nawa tankinsa ke ci, sai ya dube ka kamar ka zage shi, ya ce, "Illela biyu da Malbaza guda." Can ƙasa kuma akwai wata tsaga mai zurfi, ta Tajaye, garinmu na asali. Ita kaɗai ce ba ta da dawowa, kuma man da ke ƙasanta ba a taɓa shi.

Dalilin ba abin dariya ba ne. Yana yaron mota aka aiko cewa mahaifiyarsa, kakata, ba ta da lafiya. Motar da ya hau mai ya ƙare mata a daji, kafin ya iso da ƙafa an rufe ta. Tun ranar ya rantse mai ba zai sake raba shi da Tajaye ba, kuma ya gaya wa kowa, har da waɗanda ba su tambaya ba, cewa duk inda ya mutu a kai shi kusa da ita.

Wannan rantsuwar mu muka yi ta biyan ta. Wata ranar kasuwar Badagishiri mun dawo da albasa da mutane maƙil, Konni saura kaɗan, sai ya tsaya ya zura sanda. Mai ya sauka daidai tsagar Tajaye. Ya kashe mota, ya ce kowa ya sauko. Cikinmu akwai wani Alhaji Garba mai shanu, ƙato, da babbar riga sabuwa fil.

"Arzika, mai yaƙ ƙare?"

"A'a, akwai."

"To mi kake jira? Tada mu tahi."

"Akwai, amma ba naka ba na. Kai man Konni kab biya, ya ƙare. Naɗe rigar, Alhaji."

Haka muka tura ta har cikin gari, shi yana zaune a sitiyari yana faɗa mana inda rami yake. Alhaji Garba ya yi rantsuwa ba zai ƙara hawa ba. Mako na zagayowa na gan shi a gaba, ya sa tsohuwar riga.

A lokacin kusan kowane mai bashe a Konni ya kai motarsa an yi mata tanki na biyu a ƙarƙashi, su tsallaka iyaka su ciko da mai mai araha, su yi Tawa su dawo ba su tsaya ko'ina ba. Mai waldan unguwarmu ya yi ta lallashin Kawu.

"Baba Arzika, bari in ƙara mata ciki. Sai ka yi Illela huɗu ba ka nemi mai ba."

"In ka ƙara mata ciki, sandata fa?"

"Ka yanko wata."

"Ni in koma ɗan lakwal, in sake karatu da hurhurata? Wagga ta san tankin, tankin ya san ta. Kai ko matarka guda ka kasa ciyarwa, ni kake son ba mota ciki biyu."

Mai walda bai ƙara tada zancen ba. Mu dai muna ta dariya, amma gaskiya ƙyamar tankin nan ta ci shi. Fasinja suka koma wa motocin da ba a turawa, sai tsofaffi da ire-irena da zumunta ta ɗaure.

Sai ga shekarar nan da mai ya yi wuya a Najeriya, wahalar ta tsallako mana. Masu sayarwa a kwalba bakin hanya suka ɓace, gidan mai ya rufe. Kawu ya jingine motar ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gida, ba komai cikinta sai na Tajaye. Mutane suka yi ta sallama suna roƙon ya sayar musu, yana korar su. Matarsa Inna Hajo, wadda ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ta fito har zaure.

"Malam, rumbu ya yi ƙasa. Ka saida man ga mu ci, in Allah ya kawo sauƙi ka cika."

"Hajo, in nas saida, kuma Allah bai jira sauƙin ba fa?"

Ta koma ciki tana share ido. A ranar na ji haushinsa ƙwarai, na kuma faɗa masa. Ya ce in kawo musu gero in rufe bakina, na kuwa yi duka biyun.

A cikin watannin nan ciwon ƙirji ya kama shi. Ga tari, ga rama, amma kullum da safe sai ya dafa bango ya fita ya zura sanda. Sai ya lura man na raguwa, alhali ba a tada motar ba. Ya zargi yaran unguwa, ya zargi mai walda, ni ma bai bar ni ba. Da aka gaya masa zafin bazara ne ke shanye shi, sai ya ɗaga kai ya harari rana, ya ce ashe ɓarawon a sama yake. Daga nan Inna Hajo ta samu sabon aiki, jiƙa buhuna tana lulluɓe tanki.

Da ya kasa tashi, ni nake gwada masa. Na zaga Konni kaf, har bakin iyaka, ban samu ko kwalba guda da zan ƙara ba. Safiyar ƙarshe na kawo masa sandar a shimfiɗa. Jiƙon ya tsaya ƙasa da tsagar da faɗin yatsa. Ya daɗe yana kallonta, ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

"Ba ta kaiwa, Kawu," na ce.

"Tana kusa. Ji nan. In kun kai gangara ka kashe inji. Kada ka taka ta cikin yashi. Kuma kada ka ɗauki Alhaji Garba, nauyinai Malbaza guda na."

Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Kafin hantsi, Kawu ya cika.

Bayan an yi masa wanka da sutura, dattawan unguwa suka ce a rufe shi nan Konni. Zafi ya yi yawa, kuma in mota ta tsaya a daji da gawa, wa zai zo? Ba su yi ƙarya ba, ni kaina tsoron da nake ji ke nan. Inna Hajo ce ta yi magana daga bayan labule, ta ce ita ta kwana da yunwa saboda man nan, ba za a bar shi a tanki ba.

Muka sa makara a baya, ni da maza uku. Alhaji Garba ya zo zai hau, na gaya masa wasiyyar. Sai hawaye, ya ce, "Ja'iri, har yau bai bar ni ba." Ya koma gefe ya ɗaga mana hannu.

Na tuƙa yadda ya ce. Kowace gangara na kashe inji, motar ta sulale shiru, ba ka jin komai sai kukan tayoyi. Sau da yawa hannuna ya kai ga facin nan zan ɓare in ga allura, sai in fasa. Da muka bar kwalta muka shiga yashi ta fara shiɗewa. Ta yi ta ja, ta yi ta ja, har muka hango kawunan rumbunan Tajaye, nan ta mutu.

Muka sauko muka sa kafaɗa. Yashi ya riƙe ta, mu huɗu ba mu iya komai ba. Sai ga mutane daga gonaki suna sharar daji, suka ajiye kayan aiki suka nufo mu. Wani ya ce a sauke makarar a ɗauka a ka, ya fi sauƙi. Wani tsoho sa'an Kawu ya ce a'a.

"Ku bar shi ciki. Arzika na. Ya saba a tura shi."

Muka yi dariya muna kuka, muka tura shi har bakin maƙabarta. Aka yi masa salla, aka sa shi kusa da mahaifiyarsa, rana ba ta faɗi ba. Da aka gama na ɗauko sandar na kafa a wajen kansa, na danna ta cikin ɗanyar ƙasa har ta rufe tsagar Tajaye, na bar sauran garuruwan a waje.

Allah ya jiƙan Kawu Arzika, ya yafe masa turin da ya sa mu, ya sa guzurinsa ya kai shi ba tare da ya tsaya a hanya ba. Ya haɗa shi da wadda ya makara bai iske ba. Amin.