Ɗakin Yaya Mamuda

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Mushe Mamuda, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan Nijar. Bana ma an gayyace ni taron tunawa da shi, ban je ba. Na gaji da jin waɗanda suka kashe aikinsa suna yabonsa a lasifika.

Ma'aikacin ilimi ne, kuma magana ɗaya ya yi ta maimaitawa har abokan aiki suka riƙa yi masa dariya: ba jarrabawa ke kayar da ɗan ƙauye ba, rashin wurin kwana ne. Ɗalibi zai ci jarrabawar brebe ta ƙaramar sakandare a ƙauyensu, a ba shi gurbi a lise, babbar sakandare, nan Gaya, ya zo bai san kowa ba, kafin wata uku ya koma gida. Yaya ya yi ta rubuta takardu yana bin manya har aka gina gidan kwanan ɗalibai. Daga gidan nan yara suka ci jarrabawar bak suka wuce jami'a.

Yau gidan ya zama magaza, wato ma'ajiyar kaya, buhunan shinkafa har rufi. Sunansa kuwa yana nan a bango, duk shekara ana sabunta masa fenti. Wannan rashin kunya yana ƙona mini rai.

Makon jiya wani manomi daga Zabori ya yi sallama da 'yarsa Ramatu, wadda ta samu gurbi a lise. Ya ce, “Hajiya, an ce nan ne gidan Mushe. Kwana biyu ina zaga gari, ban samu mai riƙe ta ba. In babu, gobe mu koma, ta haƙura da karatun.”

Na hau zazzaga masa fushina a kan masu magaza. Ya bari na gama, sannan ya nuna wata ƙofa a tsakar gida. “Wancan ɗakin fa, da mutum a ciki?”

Ɗakin Yaya ne. Shekara tara ina kulle da shi, ina share littattafansa duk Juma'a, ba na barin kowa ya shiga. Kunya ta rufe ni. Da Yaya zai leƙo yau, ba da masu shinkafa zai fara faɗa ba, da ni zai fara.

Fushina da su bai huce ba, kuma ba zan daina faɗa ba. Amma ranar da suke can suna jawabi a gaban bango, ni ina tsaye ina kallon Ramatu tana ture takardun Yaya gefe ɗaya, tana jera nata a kan teburinsa.