Huseina Ungozoma da Yarinyar da Ba Marainiya Ba

Huseina ba ta iya zama ba. Ko gaisuwar mutuwa ta je, a bakin tabarma za ka same ta, ƙafa ɗaya cikin takalmi. Shekara talatin tana ungozoma a ƙauyukanmu na gefen Bagwai, inda gona ke manne da gona, in an yi tari a wannan gida a ji a wancan. Allah bai ba ta haihuwa ba. Aure biyu ta yi, ta dawo ɗakin da ɗan wanta ya ba ta. Amma in ta biyo hanya yara sai "Inna, Inna", ita kuwa tana nuna su da haɓa: wannan da ƙafa ya zo, wancan sai da na hura masa hanci. Ba ta yi boko ba, amma ta san ranar da kowa ya faɗo duniya, ta san wadda ta ba shi nono.

Shekarar da ruwan sama ya ɗauke tun gero yana fitar da kai, rumbuna suka ƙare tun sanyi bai wuce ba, gidaje suka koma kwaɗon rama da tafasa. A shekarar ƙafafunta suka soma kumbura, numfashi ya riƙa yi mata gardama. A shekarar kuma ta ga abin da ake yi wa Asiya.

Asiya 'yar Fadima ce, wadda ta rasu shekara biyu kafin nan. Tun rasuwar, uban yarinyar, Sabo, ya faɗa shan ƙwaya. Yarinya 'yar shekara biyar, yunwa ta sa tana shiga gidajen maƙwabta ta tsaya kusa da murhu ba ta cewa komai. Sabo ya ce tona masa asiri take yi. Sai ya riƙa ɗaure ta a turke da igiyar akuya in zai fita. Wata Talata Huseina ta leƙa ta kan danga, ta gan ta cikin rana, idon sawu ya yi gyambo, baya duk shatin tsumagiya. Ta kwance ta, ta goya ta, ta tafi.

Da la'asar Sabo ya zo, bai ko shiga ba.

"Inna, bayan kasuwa biyu zan tafi cirani. In kin samo mai riƙon ta kafin nan, ku je. In ba ki samo ba, ki dawo min da abata."

Huseina ta san gidan ɗan wanta ba a ɗora tukunya sau biyu. Ta kuma san abin da ƙafafunta ke gaya mata. Ba ita za ta ga girman yarinyar nan ba.

Aka ce wata ƙungiya ta zo Bagwai tana rubuta marayu, masu hali a birni za su ɗauki nauyin ci da sutura da makaranta. Luba, aminiyarta tun suna tallan daddawa, ta ja ta gefe.

"Ki ce uban ya mutu. Me ya rage masa banda likkafani?"

"Kin ji ki. In ya mutu gobe a ce bakina ne."

Ta je da yarinyar. Mai rubutun Malam Uwaisu ne, shi ma ita ta yanke masa cibi. Ya ba ta kujera, ta ƙi zama.

"Yaushe mahaifin ya rasu, Inna?"

"Yana nan. Uwar ce babu."

Ya ajiye biro. "To ai ba marainiya ba ce. A littafi, maraya shi ne wanda uba ya rasu ya bari."

"Uwaisu, in akuya ta mutu ta bar ɗa, me kuke ce masa?"

"Maraya."

"Wa ya taɓa tambayar lafiyar bunsuru?"

Matan da ke layi suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya dubi ƙafar yarinyar, ya daɗe, ya ce waccan dabba ce, mutum sai uba, kuma ba shi ya tsara takardar ba.

Daga ranar ta rasa sukuni. Ta shiga gida huɗu. Wani ya ce sai kaka, wani ya ce tsoron Sabo yake ji, wata ta ba da tsohon zane ta fashe da kuka. Huseina ta dawo ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta fita ƙofar gida ta dawo. Kasuwa ɗaya ta ci. "Ba marainiya ba ce," take ta faɗa, tana kwaikwayon muryar malamin.

Tana shafa wa Asiya man kaɗe a idon sawu maganar ta juya mata a baki. Ta tsaya da hannu a kan ƙafar. Da aka haifi yarinyar nan zazzaɓi ya kwantar da Fadima, nono bai zo ba, kwana tara. Ita da kanta ta riƙa kai jaririyar wajen Mairo matar Iliyasu, wadda ke shayar da ɗanta Basiru. Tun tuni sun koma Watari noman rani.

"Gaskiyar Uwaisu," ta ce wa Luba. "Tana da uwa."

Wani mai babur ya rage musu hanya ita da Asiya, sauran ta taka, tana hutawa a gindin kowace bishiya. Ta sami Iliyasu a gida ya dawo daga ban ruwan tumatir, taɓo har gwiwa. Tun ba ta gama ba ya girgiza kai.

"Inna, baki bakwai nake ciyarwa. Ki yi haƙuri."

"Ba sadaka na zo nema ba. Je ka tambayi limaminku ko Basiru zai iya auren wannan."

 Ya san amsar: nono ɗaya suka sha.

"To ƙanwar Basiru ce ke yini a turke. 'Yarka. Ni kawo ta kawai na yi, kamar wancan karon."

Mairo ta fito daga madafa da muciya a hannu. Ta durƙusa ta leƙa fuskar yarinyar.

"Ita ce mai zarin nan? In ta kama ba ta saki, sai Basiru ya yi ta tsala ihu."

Ta ɗaga gefen zanen, ta ga ƙafar. Ba ta dubi mijinta ba. Ta ce, "Basiru, matsa wa ƙanwarka," ta tura kwanon dambu tsakaninsu. Iliyasu ya wanke ƙafafunsa, ya ce a gaya wa Sabo gobe zai zo su yi magana gaban mai unguwa.

A gaban mai unguwa Sabo ya ce sunansa ba zai sauka daga kan 'yarsa ba. Ba wanda ya nemi ya sauka.

Kwana goma sha tara bayan nan Huseina ta rasu. Da muka zo yi mata wanka muka ga tafin ƙafarta duk ya tsattsage. Allah ya jiƙan ki, Huseina, ya hutar da ke, tunda a nan kin ƙi hutawa.

Ran sadakar uku Mairo ta zo da Asiya, an yi mata kitso, gyambon ya soma bushewa. Wata baƙuwa ta shafa kanta ta ce, "Allah sarki, marainiya."

Mairo ta janyo yarinyar jikinta. "A'a, Hajiya. Ga uwarta nan zaune."