Ɗan Kuran da Kaka Ta Wanke

Jiya da hantsi maƙwabciyata ta yi wanki da sabulun salo, ƙamshin ya tsallako katanga ya same ni zaune da allura a hannu. Sai da na ajiye ɗinkin. Ni dai in na shaƙi wannan ƙamshin, ɓarna nake tunawa, ɓarnar da aka yi mini ina 'yar shekara bakwai a gidanmu na cikin Birnin Damagaram. Ka yi mini haƙuri, mai karatu, in ka ga tsohuwa mai jikoki ta zauna tana ba da labarin 'yar tsana kamar wani abin kirki. A wurina abin kirki ne.

Babanmu direban babbar mota ne, yana bin hanyar Agadas da Arlit. Sai mu yi wata biyu ba mu sa shi a ido ba. Wata bazara ya dawo da tsarabar da ya saba, dabino da cuku, sannan ya zura hannu cikin buhu ya ciro wani abu ya ɗora mini a cinya. Ya ce wani bature ne zai koma ƙasarsu, ya fitar da tarkacen gidansa, shi kuma ya tsinto mini wannan. Launinsa na zuma, gashinsa yana sheƙi, ga laushi. Idanunsa na gilashi. Kansa yana juyawa, hannuwa da ƙafafu suna motsi, in ka zaunar da shi ya zauna daram, in ka kwantar da shi ya yi wani ɗan gurnani daga cikin ciki. Mu da 'yar tsanarmu ba ta wuce karan dawa ko ƙashin ƙafar rago da aka yi wa kitso da zare, ka san na ga abin da ban taɓa gani ba.

Yaran yanzu nunus suke ce masa, kuma sun san dabbar daji ce da ake kira beyar. Mu a lokacin ba wanda ya san ko mene ne. Inna ta ce kare ne. Matan maƙwabta suka ce biri. Kaka ta hango shi daga bakin ɗakinta, ta taɓe baki, ta ce ɗan kura ne. Sunan ya bi shi ke nan.

Kakar nan tawa ita ta haifi Baba. Babarbariya ce, doguwa, mai tsage a fuska, mai tsaftar da har takan gundure mu. Sunanta aka sa mini, don haka Takwara take kirana. A ɗakinta nake kwana, a kwanonta nake ci. Ɗinkin hannu take yi, matasai da gyaran tufafi, kuma duk unguwar an san hannunta. An kuma san halinta: ba a taɓa jin ta ce ta yi kuskure ba, ko ga babba, balle yaro.

Kwana uku ina goya ɗan kura, ina ba shi fura da ludayi. Ranar da Baba zai koma hanya, cikin hira ya ambata cewa baturen nan yana da kare, kuma a cikin ɗaki karen yake kwana. A kunnen Kaka ya faɗi haka. Washegari na kwantar da ɗan kura a kan gadonta, na rufa masa ɗankwalina, na tafi lakwal, wato makarantar boko.

Wanda ya yi bazara a Damagaram ya san darajar ruwa. Famfo ya ƙafe, 'yan ga-ruwa sai an yi musu layi, ruwan wanke hatsi ma ba a zubarwa. A cikin wannan hali Kaka ta karkata tulunta na sha, ta ɗora tukunya, ta tafasa. Abin da kare ya lasa ba zai kwana a gadonta ba, kuma ba zai hau bayan jikarta ba. Ta cuɗa shi da sabulun salo, ta ɗauraye, ta sake cuɗawa, har sau bakwai. Ta murɗe shi yadda ake matse zane, ta shanya a igiya.

Da na dawo da azahar, na tarar da shi rataye da kunne ɗaya, kai ya langaɓe. Ina taɓa shi sai kan ya cire a hannuna. Hannu ɗaya ya faɗo ƙasa. Ashe abin da ke riƙe da gaɓoɓinsa wasu 'yan faya-fayai ne na kwali, ruwan zafi ya mayar da su kamar jiƙaƙƙen tuwo. Cikinsa kuma ɓawon katako ne irin na wurin kafinta, ya kumbura ya yaga cikin. Ido ɗaya ya bi magudana. Na girgiza gangar jikin ko zai yi gurnaninsa, sai ruwa ya ɗigo.

Na yi kuka, amma ba kukan ne ya daɗe ba. Na dubi Kaka ina jira ta ce wani abu. Ta ce, "Ai tsarki na yi masa." Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Wannan maganar ta fi ɓarnar ƙona mini rai. Da yamma na naɗe tabarmata na koma ɗakin Inna. A gidanmu ba a taɓa jin jika ta yi gaba da kaka ba. Inna ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta nuna mini muciya, duk a banza. Da safe nakan durƙusa a ƙofar Kaka in ce ina kwana, fuskata tana kallon bango, in tashi kafin ta gama amsawa. Ina kewarta ƙwarai, kuma ina jin haushinta ƙwarai. Ita ma ba ta kira ni Takwara ba ko sau ɗaya. Taurin kan nan dai a wurinta na gada, kowa a gidan ya faɗa.

Abin da ban lura ba shi ne ta tsince gutsattsarin a faifai ta shige da su ɗaki. A kwana na uku na leƙa ta gefen asabari, sai na ga ta farke shi gaba ɗaya, ta shimfiɗa kowane yanki a kan takardar buhun siminti tana zagaye shi da gawayi. Na ce a raina ƙarasa shi take yi. Daga baya na ga ta yafa mayafi ta nufi majema, ita da ba ta son warin wurin, ta dawo da fatar ɗan akuya da gashinta. Na ga ta zauna a gindin dutsen niƙa tana goga sakaina har ta zama kewayayya, tana huda tsakiyar da basilla mai zafi. Na ga duk wannan, na ɗauke kai kamar ban gani ba.

A kwana na tara, bayan la'asar, na ji muryarta. "Takwara, zo ki ɗauki kayanki."

Na shiga. Ga shi a tsakiyar tabarma, tsaye a kan ƙafa huɗu. Kaka ba ta taɓa yarda ta dube shi da kyau ba tun yana da lafiya, don haka da ta zo haɗawa sai ta haɗa shi yadda ta san dabba take. Ciki ja na akuya, baya launin zuma. Ido ɗaya gilashi, ɗaya baƙin maɓalli. Ta kuma ƙara masa wutsiya ta kitsattsiyar fata. Gaskiya ɗaya ce, ya yi muni. Na yi niyyar juyawa in fita.

Sai idona ya faɗa kan gadonta. Matashin da take ji da shi, wanda ta zo da shi tun daga Barno ranar aurenta, ya lafe kamar buhun da aka zazzage. Audugar rimin da ke ciki ita ta cusa wa ɗan kura. Na dubi Kaka. Ba ta kallona, tana ta warware wani zaren da bai harɗe ba. Ranar na fara sanin cewa Kaka ma tana jin tsoro, kuma ni take tsoro, kada in ƙi karɓa.

Na ɗauke shi. Kan ya juya sumul a kan sakainar, har ya fi da. Na ce, "Kaka, ai ba shi da wutsiya."

Ta ce, "To yanzu yana da ita. Wanda ya yi shi ne ya manta."

Dariya ta kuɓuce mini, ita ma ta kuɓuce mata, har sai da Inna ta leƙo. Kafin magariba tabarmata ta koma wurinta. Da Baba ya dawo ya juya shi gaba da baya, ya ce lallai baƙon nan ya zama ɗan gari.

Ni a wurina magana ta ƙare a nan. Sai bayan shekara goma sha biyu, da Allah ya kira Kaka aikin hajji. Ka san al'adarmu, maniyyaci yakan bi gida-gida yana neman gafara kafin ya tashi. Ta gama da dangi da maƙwabta, ta zo kaina ina shara a tsakar gida, lokacin na zama budurwa. Ta karɓe tsintsiyar ta ajiye, ta riƙe mini hannu biyu.

"Takwara, ɗan kuranki da na wanke ban tambaye ki ba. Ki yafe mini."

Na ce, "Haba Kaka, ai kin gyara shi tun tuni."

Ta ce, "Gyarawa na yi. Ban roƙe ki ba."

Na fashe da kuka kamar ranar aka yi abin. Ashe duk shekarun nan tana ɗauke da shi, bakin ne ya ƙi buɗuwa. Na yafe mata, ta je ta dawo lafiya, muka ƙara shekaru masu daɗi tare.

Yanzu na ajiye aikin koyarwa, kuma da zanen da Kaka ta yi a takardar siminti na koyi yanka nawa 'yan kuran. Ɗana da ke waje yana aiko mini da yadin da ake yin su da shi, moher, wanda ake saƙawa da gashin wata akuya mai dogon gashi. Nakan kuma bi 'yan gwanjo a kasuwa, in tona tulin kayan wasa ina neman tsofaffin nan masu juya kai. Kantar ɗakina ta cika, baƙi suna yi mini dariya, ni ko a jikina. Yaran yanzu suna da su birjik, marasa nauyi, cike da soso, in ɗaya ya yage a jefar. Amma an fara samun iyayen da ke kawo mini gyara, kuma ran Lahadi 'yan mata huɗu ko biyar sukan zo su zauna mu yi ta ɗinki da surutu. Wannan yana faranta mini rai fiye da yadda zan iya faɗa.

A cikinsu akwai jikata, 'yar shekara tara. Watan jiya ta gama nata na farko, kunne ɗaya a sama, ɗaya ya gangaro kusan wuya. Tana lakwal na gan shi, hannuna ya yi ƙaiƙayi, na farke kunnen na daidaita shi tsaf. Da ta dawo ta ɗauka, ta duba, ta ajiye a hankali, ta fita. Na buɗe baki zan ce ai gyara miki na yi, sai na tuna da Kaka.

Ban jira hajji ba. Na bi ta zaure, na dafa gwiwa na durƙusa da ƙyar, na ce ta yafe mini. Ta share hawaye da bayan hannu, ta yi ɗan tunani, ta ce za ta yafe, amma sai na mayar da kunnen inda ta sa shi.

Na ɗauko allura na mayar.