Dalma a Tsakar Gida

Wata 'yar ƙara ce, kamar an saki tsakuwa tana gangarawa a kan tasa. Gurrr, ta tsaya, sai kuma wata ta biyo. Ina madafa ina tankaɗen garin dawa na ji ta. Da na leƙo, sai ga maigidana zaune kan buzu a inuwar rumbu, ya ɗora babban farantina na baƙi a cinya, yana karkata shi a hankali kamar mai rarrashin jariri.

"Malam, mi kaka yi da farantina?"

"Gwaji nika yi," ya ce, bai ɗago ba. "Wadda tag gangara sumul, ta yi. Wadda taka ɗingishi, ta koma wuta."

Harsasan dalma ne, ƙanana, masu sheƙi kamar sabon kwano.

Maigidana manomin albasa ne kamar yawancin mazan Aliero, amma ya gaji farauta wajen mahaifinsa, tare da tsohuwar bindiga da mazubin da ake zuba narkakkiyar dalma a ciki ta fito harsashi. A shekarar nan gyado ya addabi gonar rogonmu ta wajen Kashin Zama. Malam ya harbe shi ya kuskure, ya sake kuskurewa, har abokansa na majalisa suka fara tambayarsa ko gyadon ya ba shi gaisuwa. Ya dage ba idonsa ba ne. Mazubin ne ya tsufa, harsashi na fitowa da leɓe a gefe, in an harba sai ya kauce. Ya tafi Jega wajen wani maƙeri, aka ba shi aron mazubai daban-daban ya gwada, ya zaɓi wanda ya dace da bakin bindigarsa.

Haka gidana ya cika da gawayi da tsohon kasko da wani wari mai kama maƙogwaro.

Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Tun muna sakandare malamar kiwon lafiya ta gaya mana dalma guba ce mai shiga jinin yara a hankali, kuma na sha ji a rediyo yadda ta yi ɓarna a ƙauyukan masu haƙar zinariya. Ina da 'ya'ya mata biyu a lokacin: babbar ta shiga makarantar allo, ƙaramar tana rarrafe, duk abin da ta samu baki take kai shi. Na jira ya ci abinci, na faɗa masa.

Ya yi dariya. "Babana ya ƙare rayuwatai yana zubi, ko haƙori guda bai rasa ba."

Surukata, wadda muke zaune tare, tana tsinkar zogale a gefe, ta ce, "Ke ɗiyag ga, boko ya sa miki tsoron komi. Gobe ki ce tuwo ma guba na."

Duk da haka Malam ba mai taurin kai ba ne. Ya kwashe kasko da gawayi ya koma bayan gida. Sai dai gwajin faranti ya ci gaba a inuwar rumbu. Waɗanda suka gangara daidai yana zuba su a zabirar fata, ya rataye can sama inda ni ma sai na yi ɗage. Masu ɗingishi kuwa ya watsa su a gwangwanin madara a gindin rumbu. A wurinsa waɗannan ba harsasai ba ne, tarkace ne da ke jiran wuta, kuma ba wanda ke ɓoye tarkace.

Ranar da abin ya faru na idar da azahar ke nan, ina naɗe darduma, na ji babbar tana waƙar carafke ita kaɗai. Na fito na same ta tana cilla abu sama tana cafewa, ba duwatsu ba, dalma. Ƙaramar na zaune kusa da ita, kumatunta a kumbure, yawu mai toka-toka na bin haɓarta. Na sa yatsa na zaƙulo guda daga bakinta. Ta tsala kuka.

"Yaya, ta ci wata?" Na tambayi babbar.

Ta dube ni, ta dubi ƙasa. "Ta haɗe guda tun ɗazu. Na ce ta tofar, ta ƙiya."

Ban san sa'ad da na saka hijabi ba. Malam na gona. Ƙaninsa mai kabu-kabu, wanda kullum sai ya tsokane ni da "matata", shi ya ɗauke mu. A hanya ya so ya sassauta mini, ya ce, "Ɗiyar maharbi ta, ta hwara ajiyar makami da wuri." Da ya ga ban yi dariya ba sai ya ƙara wuta. Daga Aliero zuwa Jega ba nisa, amma ran nan hanya ta ƙi ƙarewa. Ina ta salati, ina taɓa cikin ƙaramar ta cikin zane, ita kuwa ta yi barcinta.

A asibiti aka ɗauki hoton cikinta. Likita ya ɗaga shi wajen taga, ya nuna mini wani farin ɗigo a ƙasan haƙarƙari. Ya ce sau da yawa irin wannan yana fita da kansa, in riƙa duba kashinta duk sa'ad da ta yi. In ta fara amai ko cikin ya kumbura, in dawo ko da wane lokaci ne. In kuma ya ƙi fita, za su tura mu Birnin Kebbi. Suka ɗebi jininta don a auna yawan dalmar da ta shiga. Sai ya tambaye ni tun yaushe take wasa da su. Na ce ban sani ba.

Malam ya iso da taɓon gona har gwiwa. Ya karɓi hoton ya ƙura masa ido. Can ya ce a hankali, "Mai leɓe ta. Ta tsohon mazubi." Sai ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya juya ya fuskanci bango. Ban taɓa ganin bayansa ya rusuna haka ba.

Kwanakin da suka biyo baya, duniyata ta koma fon yarinya da tsinken tona kashi. Duk motsin da ƙaramar ta yi sai na zabura. In ta yi tari, na ce amai ne. In ta yi shiru, na kara kunne a hancinta. Ko a salla sai in tsinci kaina ina sauraronta, in yi istigfari in sake niyya. Surukata ta daina zancen boko. Ta kaɗa miyar kuɓewa mai yauƙi da man shanu, ta aika aka karɓo rubutu wajen malamin makarantar allo, ta zauna tana yi wa jikarta fifita tana cewa, "Haba ƙawata, maido muna abin mutane, ba naki ba na."

Malam bai yi dogon zance ba. Ya mayar wa maƙeri da mazubansa, ya riƙe guda, ya kai komai bukkar gona. Ya kankare ƙasar gindin rumbu da fartanya, ya zubo sabon yashi. In ya dawo daga can, a ƙofar gida yake tuɓe riga ya wanke hannu kafin ya ɗauki yarinya.

Wata safiya tsinken ya daki abu mai tauri. Na wanke shi da ruwan buta, ga shi nan, ya yi baƙi, da ɗan leɓensa. Na durƙusa a bayan ɗaki ina kuka ina hamdala, har surukata ta zo ta ɗaga ni. Sakamakon jini bai dawo ba tukuna, amma ran nan na ci abinci na ji ɗanɗanonsa.

Da la'asar na zaunar da babbar tsakanin ƙafafuna ina tsefe mata kai. Duk kwanakin nan tana zuwa makaranta ta dawo ta raɓe a gefe, ba ta da hayaniya, na ɗauka tsoron faɗa take ji.

"Mama, ƙanwata ta warke?"

"Da yardar Allah, Yaya. Muna jiran likita ya hwaɗi abin da ag ga jininta."

Ta shiga wasa da bakin zanenta. Sai ta waigo, tsinken tsifa na maƙale a gashinta.

"Ni ban haɗe ba, Mama, tsotsa kawai nika yi kullum. Zaƙi-zaƙi gare ta. Ni ba a ɗibar nawa jinin?"