Taken Baffa

Shekaranjiya na wuce wata maƙera a Gangaren Tudu, na ji ana dukan garma, sai kawuna ya faɗo mini a rai.

Kawu makaɗin gangar noma ne. Na zauna a Tamale, na zauna a Maraɗi, na ga makaɗa iri-iri, yawancinsu ƙofar masu hali suke bi. Shi kuwa manoma yake bi, cikin laka. Idan damina ta kankama aka kira gayya, daga garin Yara har ƙauyukan Gitata, shi ake fara aika wa goro. Kowane manomi da takensa, wato kiɗan da aka yi masa shi kaɗai. Bagwandare ne, ko Eggon, ko Mada, Kawu zai haɗa masa da kirari cikin harshen uwarsa. Kuma ka sani, wanda aka kaɗa wa takensa ba ya tsayawa sai ya kai ƙarshen kunya.

Sai kuɗin mai suka zo, aka soma gina Abuja. Manyan motoci suka riƙa kwashe samari. Gangar Kawu ta daɗe a rataye har fatarta ta saki.

Wata shekara ciyawa ta rufe dawar mahaifina, ya kira gayya. Waɗanda suka amsa duk masu furfura ne. Baffa, yayan mahaifina, wanda a zamaninsa ba a taɓa riga shi fita kunya ba, ya zo kallo da sandarsa.

Kawu ya shanya gangarsa a rana, yana ta fara'a. Mahaifiyata ta ce masa, "Yaya, ka sassauta hannu. Waɗannan ba mutanen da ba ne."

Ya ce, "Ke dai je ki dama kunu."

Aiki ya yi nisa, sai Baffa ya ɗaga murya: "Kai makaɗi, nawa taken ka manta ne?"

Kawu ya yi dariya. "Tsoho, naka ya yi maka nauyi yanzu."

"Kaɗa mu gani!"

Ya kaɗa. Baffa ya yar da sanda ya fizgi garmar wani. Ya gama kunya ɗaya, ya juyo wata, mata suna guɗa. Kowa ya ga ya soma tangaɗi. Kawu ma ya gani, amma yanke wa mutum take a tsakiyar kunya zagi ne a bainar jama'a, sai ya ci gaba. Baffa ya kife a kan garmar. Kafin a kai shi inuwa rai ya yi halinsa.

Daga ranar, in Kawu ya shigo zaure hira takan mutu. Da kaka shi ma ya hau motar Abuja, ya kama fasa dutse. Ƙurar ta cinye masa ƙirji, aka dawo mana da shi kwance.

Yau an yanka gonar fuloti-fuloti, feshin maganin ciyawa ya maye gurbin gayya. Jikokina sun ce in rera musu wani kiɗan Kawu su nema a waya. Na lalubi kaina, na tarar taken Baffa kaɗai ya rage mini. Na ce musu na manta.